Na wasa aska amma tana jan gemu: dutsen ne ko hannuna?

Jikan Wanzam:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aska, musamman iyayenmu wanzamai in akwai su a nan.

Asake biyu gare ni. Ɗaya ta kakana ce na wajen uwa, wanda ya yi wanzanci a wani ƙauye kusa da Ɗambatta. Aikin maƙeri ce, baƙin ƙarfe, gajeriya mai faɗin baki, ba ta naɗewa. Ɗayar irin ta Turawa ce mai shigewa cikin ƙotarta, na same ta wajen masu tsofaffin kaya a Kasuwar Kurmi. A gindinta an buga Solingen, garin nan na Jamus da ya yi suna wajen wuƙaƙe da almakashi. Faɗinta wajen milimita 16, gefunanta biyu an yi musu kwarmi, bakin kuwa siriri ne ƙwarai, in ka ɗan taɓa shi da farce har ƙara yake yi.

Dalilin da ya sa na dage shi ne rezar kanti tana fito mini da ƙuraje a wuya, kuma ba na son askar kakana ta ƙare a cikin zabira tana tsatsa.

Ga yadda nake yi. Na sayi dutsen washi a kasuwa, mai fuska biyu, ɗaya mai kaushi ɗaya mai ɗan laushi, irin wanda ake wasa wuƙar layya da shi. Nakan zuba ruwa, in ɗan ɗaga bayan askar yadda ake yi wa wuƙa, in yi ta kai da komo, sannan in goga ta a jikin bel ɗina. Ta Jamus ɗin yanzu tana yanka takarda, tana aske gashin hannu a tsakiyarta, amma can wajen tsini da wajen gindi sai ta bi ta kan gashin ta wuce. Da na ɗora ta a gemu kuwa, ja take yi har hawaye, ta bar mini kumatu ja wur. Ta kakana ban taɓa ta sosai ba tukuna.

Shin dutsen ne bai dace ba, ko hannuna ne? Washin asaken biyu iri ɗaya ne? Kuma ta yaya zan gane ta kai ba sai na gwada a fuskata ba?

Tsohon Wanzam:

Wa alaikumus salam. Yarona ne ya karanta mini tambayarka a wayarsa, shi ne kuma yake rubuta abin da nake faɗa. Allah ya jiƙan kakanka, ya sa ya huta. Na ji daɗi da har yanzu ana samun yaron da zai buɗe zabira ya ce zai tashi aska.

Ɗana, daga yau ka raba asaken nan da wannan dutse. Dutsen wuƙa ne. Cin ƙarfe yake yi da gaggawa, ya bar wa bakin wasu ƙananan haƙora da ido ba ya gani. Nama yana son haƙoran nan, da su wuƙar mahauci take kamawa. Fatar fuska ba ta son su, su ne suka bar maka kumatu ja.

Asakenka biyu kuma ba hannu ɗaya ake yi musu ba. Na riƙe irin ta Turawan nan, wani alhaji da nake yi wa aski duk Juma'a da ita yake so a yi masa, ni nake wasa masa. Wanda ya ƙera ta ya auna kaurin bayanta da faɗinta, yadda in ka kwantar da ita a kan dutse, baya ya taɓa, baki ya taɓa, to karkatar da ake so ta samu da kanta. Ba a ɗaga mata baya ko kaɗan. Tamu ta maƙera ba ta da wannan kwarmi, don haka mu muke ɗan ɗaga bayan, kamar kaurin tsinken ashana, mu riƙe shi a nan ba hawa ba sauka tun daga farkon washi har ƙarshe. Wannan riƙon shi ne ke cin shekaru. Ni sai da na daɗe ina ɗaukar wa mahaifina zabira, ina wasa tsofaffin asaken da suka cinye, kafin ya bar ni in taɓa wadda yake aiki da ita. Saboda haka ka shafa wa ta kakanka mai, ka naɗe ta a tsumma. In ranar kasuwa ta zo, ka je rumfar wanzamai ka nemi dattijo ya wasa ta a gabanka, kai kuma ka zuba wa wuyan hannunsa ido. Koyo ka yi shi a kan ta Jamus, domin ita za ta riƙe maka karkata, hankalinka ya koma kan nauyin hannu.

Yanzu ga abin da ya samu askarka. Da kake ɗaga baya, yau sama gobe ƙasa, bakin ya dunƙule. In ka kwantar da ita yadda na ce, za ka ga ainihin bakin ba ya taɓa dutse, ƙarfen da ke bayansa kaɗan ne yake taɓawa. Dole sai wannan ƙarfen ya cinye, gefen dama da na hagu sun gangaro sun haɗu a layi ɗaya tun daga gindi har tsini. Wannan haɗuwar ita ce kaifi. Duk abin da ake yi bayanta, dutse mai laushi ne ko fata, santsi kawai ake ƙarawa. In gefen biyu ba su haɗu ba, ko ka kwana kana goga ta a fata, aska mai sheƙi za ka samu wadda ba ta aski. Yawancin masu koyo a nan suke gajiya, su tsallake, su ce askar ce ba ta da kyau.

Tafiyar hannu kuwa: baki a gaba, kamar za ka aske dutsen. Ka fara da gindi a kan dutse, kana turawa kana ɗan janyo ta gefe, yadda kafin ka kai ƙarshen dutsen tsini ne yake kai. In ka kai, ka juya ta a kan bayanta, baki ya tashi sama ya faɗa ɗaya gefen, ka dawo. Kada ka taɓa juya ta a kan baki. Abin da ka yi wa dama ka yi wa hagu. Da farko kana iya ɗan sa nauyin yatsa, amma kana zuwa ƙarshe kana sassautawa, har ya zama nauyin askar kaɗai ke aiki. Ita wannan mai kwarmi in ka danna ta bakin lanƙwashewa yake yi, ya ɗaga daga dutse, ka yi ta cin ƙarfe a inda ba a so.

Ka riƙa kallon ruwa. Bakin da yake taɓa dutse yana tura ruwa a gabansa, har ruwan ya hau jikin askar. Inda ka ga ruwa yana sulalewa ta ƙarƙashi, nan bai taɓa ba. Ka riƙa saurare kuma. Da farko za ka ji ƙara mai kaushi, a hankali ta lafa, askar ta fara ɗan manne wa dutsen.

Gwajinmu farce ne. Ka jiƙa farcen babban yatsa, ka ja bakin a kai sannu, ba dannawa. Inda ya zame, da saura. Inda ya yi tuntuɓe, giɓi ne. In ya kama farcen da santsi iri ɗaya daga gindi har tsini, gefen biyu sun haɗu. Amma farce yana ɗan dakusar da baki, don haka ka koma dutse kaɗan bayansa, kuma in ka hau dutse mai laushi kada ka sake gwadawa da farce. Daga nan gashin hannu ne gwaji: aska mai kyau tana tsinke gashi a tsakiyarsa ba tare da ta taɓa fata ba.

Ni dutse ɗaya gare ni, na gado, baƙi mai santsi. Ina goga masa wani ɗan guntun dutse har ruwan ya yi kauri ya zama 'yar laka. Da lakar nake fara ci, ina ɗiga ruwa tana tsinkewa, in ƙarasa a kan ruwa garau.

Bel ɗinka ka bar shi a ƙugu. Ka je wajen dukawa ka ce su yanko maka kirgi mai santsi, faɗin yatsu uku, tsawon kamu ɗaya da ɗan ɗoriya, ba ɗinki ba huda. Ka rataye shi a ƙusa ka ja shi ya miƙe sosai. A fata baya ne a gaba, baki yana bi, askar a kwance, juyi a kan baya. In fatar ta saki ta yi ciki, za ta naɗe maka bakin, aikin dutse ya tafi a banza. Da hunturu in ta bushe, ka riƙa murza ta da tafin hannu, maiƙon hannunka ya ishe ta. Ka ga muna goga aska a tafin hannu ana cikin aski, to wannan kada ka kwaikwaya yanzu.

Kafinta Ɗan Zariya:

Allah ya ƙara girma, Baba. Duk abin da kuka faɗa haka yake, ni ma da kurfi da bakin filen na koyi washi kafin in zo kan aska. Sai dai dutsenku na gado ne, ba a sayar da irinsa a shago. Mu da ba mu gaji dutse ba, lamba ce take taimakonmu, don haka bari in ƙara wa ɗan'uwa wannan.

Duwatsun washi na kanti suna da lamba, yawan lambar yawan laushin. Irin naka mai fuska biyu yawanci tsakanin 120 da 300 yake. Aska kuwa a 1000 ake fara ta, a nan ake haɗa gefen biyu da Baba ya yi bayani. Daga nan 3000 zuwa 5000 don goge ƙarcen 1000, sai 8000, wanda daga shi ana iya aski. Masu son ƙarin santsi suna hawa 12000. Duwatsun ruwa na Japan irin su King da Naniwa da Shapton su aka fi sani, akwai kuma Norton na Amurka mai 4000 a fuska ɗaya 8000 a ɗaya. King sai ka jiƙa shi cikin ruwa har ya daina fitar da kumfa, Shapton kuwa yayyafi ya ishe shi. Wani abin da ya burge ni, yadda Baba yake yi da laka haka ake yi da wani dutse ruwan ɗorawa da ake haƙowa a yankin Vielsalm na Beljiyam, sunansa coticule. Ƙananan ƙwayoyin ganet, wani ma'adini mai tauri, ne a cikinsa, lakar tana ci da sauri, ana tsinka ta da ruwa tana komawa gogewa. Wanzaman Turai sun daɗe suna aiki da shi.

Waɗannan duka da tsada, kuma sai an yi oda. Kafin ka tara kuɗin, ga hanyar da nake bi. Ka je wajen masu sayar da kayan fentin mota ka nemi sanfefar ruwa, baƙar nan, mai lamba 1000 da 1500 da 2000, da 2500 in akwai. Ka samu gilashi mai kauri ko tayil mai santsi, ka jiƙa shi, ka yanka takardar faɗin yatsu uku ka shimfiɗa, ruwan zai manne ta. Ka tabbata ba ƙwayar yashi ko ɗaya a ƙarƙashi. Ka lura lambar takarda ba daidai take da ta dutsen Japan ba. Takarda mai 1500 ita ce kusa da dutse mai 1000, mai 2500 kuma ba ta kai dutse mai 3000 laushi ba. Wato takarda za ta haɗa maka baki sarai, amma ba za ta kai ka ga aski mai daɗi ba. Dole ka nemi dutse mai laushi guda ɗaya a ƙarshe, ko ka kai wa wanzami ya ƙarasa maka a nasa. Akwai kuma koren sinadarin goge ƙarfe da ake shafawa a wata fata daban, ƙwayarsa wajen rabin maikiron (maikiron dubu ne milimita ɗaya), yana taimakawa bayan 8000. Kada ka shafa shi a kirginka na kullum.

In ka sayi dutse, ko sabo ne, ka daidaita fuskarsa. Dutsen da aka daɗe ana wasa wuƙa a kai tsakiyarsa takan lotsa kamar dutsen niƙa, aska ba za ta kwanta a kai ba. Ka zana layuka da fensir a kai, tsaye da kwance, ka kife shi a kan sanfefa mai 220 ko 320 bisa gilashi, ka goga da ruwa har layukan su ɓace gaba ɗaya. Ka ɗan kashe kaifin gefunansa ma.

Mu da kunnenmu bai kai na Baba ba, maka, wato alƙalamin tawadar nan mai kaurin baki, muke amfani da ita. Ka shafa baƙar maka a bakin askar gefe biyu, ta bushe, ka yi 'yan tafiya kaɗan a kan takarda, ka duba a rana. Inda tawada ta rage, nan bai taɓa ba. In ka ga siririn layin tawada a can ƙarshen baki, to dunƙulewar nan ce, ci gaba da 1000. Sannan ka juya bakin sama ka kalle shi tsaf a ƙarƙashin fitila. Bakin da ya haɗu ba ya mayar da haske. Duk inda ya ƙyalla, fili ne ya rage.

Game da karkata, a irin askarka kaurin baya yakan ɗan haura kashi ɗaya cikin huɗu na faɗi, abin da ke ba da digiri 15 zuwa 17 in an haɗa gefe biyu. Wuƙar kicin takan ninka haka. Shi ya sa aska take aski, shi ya sa kuma ba a yanka takarda da ita. Ka daina wannan gwajin, ɓata baki yake yi.

Ma'aikaciyar Jinya:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ba washi na sani ba, amma akwai abin da ba zan iya yin shiru a kai ba. Ɗan'uwa, askar nan tsohuwa ce, ka wanke ta da sabulu, ka goge ta da sifirit, ka bar ta ta bushe. Kuma in ka fara aski da ita, ta zama taka kai kaɗai, ko ƙaninka kada ka ba shi. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya yin kwana 7 ko fiye a jikin ƙarfe tana da rai, ko da jinin ya bushe ba a ganinsa, kuma ta fi ta ƙanjamau saurin kama mutum nesa ba kusa ba. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da ita, da yawansu ba su sani ba. Rigakafinta ya shiga jerin alluran jarirai a 2004, don haka in an haife ka kafin nan, ka je a gwada ka, in ba ka da ita a yi maka allurar, sau uku ce. Baba, ku yi mini afuwa, ba sana'arku nake kushewa ba. Na ga wanzamai da yawa yanzu suna riƙe da irin askar da ake sa wa rabin reza sabuwa ga kowane mutum, ko su ce kowa ya zo da tasa, kuma abin ya faranta mini rai.

Jikan Wanzam:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, na ji, zan je gwajin. Ina da niyyar in ɗora ta a kan wuta don kashe ƙwayoyin cuta, ban sani ba ko ya halatta ga ƙarfen.

Na samu sanfefa mai 1000 da 1500 da 2000, na shimfiɗa a kan tayil. Da na sa maka na ga abin da Malam Kafinta ya faɗa ƙuru-ƙuru: layin tawada a ƙarshen baki daga gindi har tsini. Na kwantar da ita na yi ta bi, yanzu tawadar tana gogewa ko'ina, tana kama farce, tana aske gashin hannu har wajen gindi. Saura wajen tsini, kamar faɗin ɗan yatsa, tawada ta ƙi tafiya. Baba, in ɗan danna wajen da yatsa? Na kuma lura bayan askar ya fara cinyewa, ya yi wani farin layi.

Kafinta Ɗan Zariya:

Wuta kam a'a. Bakin siriri ne, nan da nan zai yi shuɗi, taurin da aka ba ƙarfen ya tafi, ba zai sake riƙe kaifi ba. Sifirit ɗin da Anti ta ce ya isa tunda kai kaɗai ne. Ka riƙa tsane ta sosai bayan aski, har cikin ƙota, da damina kuma ka ɗiga mata man keken ɗinki.

Farin layin baya ba laifi ba ne, baya da baki tare suke cinyewa, haka karkatar take zama daidai. In aikin ya yi tsawo a takarda mai kaushi, kana iya manna tef ɗin masu wayarin falle ɗaya a bayan, ka riƙa sauya shi in ya cinye. Amma in ka fara da tef, da tef za ka ƙare har dutsen ƙarshe.

Tsohon Wanzam:

'Yata mai jinya, gaskiya kika faɗa, babu afuwa a ciki. Yarana duk reza suke sawa yanzu, ni na umarce su.

Ɗana, kada ka danna. Ɗora bakin a tsaye bisa tayil ɗinka, a hankali, ka hango haske ta ƙarƙashi. Ina zaton za ka ga bakin ba miƙaƙƙe ba ne, ya ɗan yi ciki, tsini ya ɗaga. Tsofaffin asake da yawa haka suke, kuma suna aski da daɗi, kada ka ce za ka miƙe shi. Abin da za ka yi, in ka fara tafiya nauyin yana gindi, kana tafe kana mirgina shi zuwa tsakiya, kafin ka kai ƙarshe ka ɗan ɗaga ƙota kaɗan yadda tsini zai kwanta. Bayan askar dai ba ya barin dutse. Ka bi ruwa da ido, za ka ga inda yake taruwa yana tafiya daga gindi zuwa tsini. Ka rage faɗin takardar zuwa yatsu biyu, zai fi maka sauƙi.

In ka samu an ƙarasa maka a dutse mai laushi, ka bi ta a kirgi kamar sau hamsin kafin aski. Kada ka yanke mata hukunci a busasshen gemu. Ka wanke fuska da ruwan ɗumi da sabulu, ka bar kumfar ta jiƙa gashin minti biyu ko uku. Ka ja fata da yatsun hagu ta miƙe, ka kwantar da askar yadda tsakanin bayanta da fata bai fi kaurin bayan sau biyu ba, ka fara daga saje zuwa ƙasa, inda gashi ya kwanta. Ranar farko kumatu kaɗai, haɓa da wuya ka ƙarasa da abin da ka saba. In ta ja a wuri ɗaya na bakin, ka shafa tawadar maka a wurin ka koma takarda. In ko'ina take ɗan ja amma tana aski, santsi ne bai isa ba, dutse mai laushi za ka koma.